Riƙon Ƙwaryar Dokta Ruramai

Ni fa har yau in na tuna tafin da aka yi a zauren nan, sai raina ya ɓaci.

Dokta Ruramai Mandizha ce ke jagorantar makarantar kasuwanci ta masu digiri na biyu a jami'armu ta limaman Katolika 'yan Jesuit da ke Harare, ni kuma, Farisai, ina koyar da haraji a ƙarƙashinta. Jagorancin dai na riƙon ƙwarya ne. Dokar jami'a ta ce shugaban makaranta sai Fada, a cikin limaman namu kuwa babu mai digirin digirgir a kasuwanci. Ita kuma hukumar ilimi ba ta karɓar takardar ɗalibi sai da sa hannun mai wannan digiri. Sai aka ce Ruramai ta ɗan riƙe kafin wani Fada ya gama karatu. Lokacin ɗanta Tonderai yana sakandare. Yanzu 'ya'yansa biyu.

Ba wai ba a tura kowa karatu ba ne. An tura Fada Anesu har Manila, ya dawo da digirinsa, muka yanka akuya, aka tuƙa sadza, tuwonmu na masara. Ko wata bai rufa ba babban Fada na yanki ya aika shi sansanin 'yan gudun hijira a Malawi. Na bayansa ya dawo, aka miƙa shi Lusaka. Su ai biyayya suka yi wa alkawari, in aka ce tashi, ko loma ce a hannunka sai ka ajiye. Ruramai da ba ta yi wa kowa alkawari ba, ita ce ba ta motsawa.

Mijinta, Baban Tonderai, ya daɗe da yin ritaya daga koyarwa. Ya koma gida kwarin Honde, ya gina ɗakuna, ya dasa ayaba da fiya, yana jira. Kowace Kirsimeti sai ta ce masa baɗi. Ana cikin haka ciwon suga ya fara cin idanunsa.

Wata rana ina ofishinta muna shan shayi ya kira, ina jin muryarsa.

"Maman Tonderai, ki zo fa tun ina iya bambance ki da bishiyar ayaba."

"Kai dai ba ka rabo da tsiya," in ji ta, tana dariya. Da ta ajiye wayar sai ta kifa kai a tebur.

Na ce, "Yaya, ki ajiye musu makullinsu mana! Gadon ubanki ne?"

"Farisai, in na tafi wa zai sa wa yaran nan hannu? Wasu gona aka sayar a gidansu aka biya musu kuɗin karatu."

Duk da haka ta je wurin shugaban jami'a, Fada Gwaze, kuma ba ta yi ƙumbiya-ƙumbiya ba. Ta ce mijinta zai makance, gida take so. Fada Gwaze mutumin kirki ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya tambaye ta yadda zuciyarta take. Ta ce a ƙuntace.

"To kin gani, 'yata," in ji shi. "Mu tarbiyyarmu, ba a sauya hanya lokacin da zuciya ke cikin ƙunci. A bari ta washe tukuna, sannan a yanke shawara."

Jama'a, ku ji mini! Rashin tafiya ne ya ƙuntata ta, kuma ba za ta tafi ba sai ƙuncin ya yaye. Ita kuwa a makarantar mishan ta tashi, limaman nan ne suka ɗauki nauyin karatunta bayan rasuwar mahaifinta. Bakinta bai taɓa koyon ce wa Fada a'a ba.

Fada Gwaze ya kai maganar majalisar jami'a. A al'adarsu, wanda ake batunsa yakan fita waje, sauran su yi shiru na addu'a, sannan kowa ya faɗi abin da ya ji a ransa, ba mai katse wani. Suka yi shirunsu, suka gano wai tushen ƙuncin Ruramai rashin adalci ne: shekara da shekaru tana aikin shugaba ba a ba ta sunan ba. Aka rubuta wa na sama, aka jira, aka gyara doka.

Ranar yaye ɗalibai Fada Gwaze ya sanar cike da murna: daga yau Dokta Mandizha cikakkiyar shugaba ce, wa'adin shekara shida. Zaure ya kaure da tafi, iyaye mata na rangaɗa guɗa, ɗalibai sun miƙe tsaye. Ta waigo ta dube ni, sannan ta je ta durƙusa ta karɓi albarka. Ni dai hannuna bai tafa ba.

Asabar ɗin na raka ta Honde. Muka sauka daga mota muka haura gangaren da ƙafa. Baban Tonderai yana zaune bakin ƙofa, fuskarsa na kallon hanya. Ta wuce gabana, ta tsaya dab da shi cikin rigar da ya saya mata, ba ta ce komai ba.

Ya gyara zama, ya tafa hannu irin na gaishe da baƙo.

"Sannunku da zuwa. Wa ake nema?"

"Ni ce," in ji ta.

Sai ya lalubo kujerar da ke gefensa ya jawo.

"Tonderai ya gaya mini a waya. Barka, Shugaba. Zauna ki faɗa mini, kin yi furfura ne ko da saura?"