Malam Hamadu, Wanda Ya Rage Mini Ɗaki Biyu

Ina bakin kasuwa ranar Talata da hantsi, ina cinikin kifin Binuwai, sai wayata ta yi ƙara. Babban ɗan Malam Hamadu ne. Ya gaishe ni a natse, sannan ya ce, "Baffa Sali, Allah ya yi wa Baba rasuwa yanzu a asibiti. Jana'iza bayan azahar." Na yi salati, na mayar wa mai kifi kifinta, na hau babur. Har yau ban san ta wace hanya na bi na iso gida ba.

Shekara ashirin da ɗoriya muka yi tare a lise ɗaya, wato makarantar sakandare, nan Garwa, shi yana koyar da lissafi, ni tarihi da labarin ƙasa. Mutumin Tinyer ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, shi ya sa nake ce masa Yaya. Ban taɓa jin ya kira yaro daƙiƙi ba. In ɗalibi ya kawo amsar da ba ita ba, sai ya zauna kusa da shi su bi aikin layi-layi har su gano inda ƙafa ta zame. Yakan ce, "Kowane kuskure yana da gidansu, ka bi shi har ƙofa." Kuma duk ma'aikacin da zai karɓi bashin gina gida a unguwarsu, sai ya fara biyawa ta zaurensa kafin ya sa hannu. Ko goro ba ya karɓa.

Ni ma haka na je masa. Lokacin na gaji da haya, 'ya'ya biyar a ɗaki biyu, mai gida kuma duk shekara sai ya ƙara kuɗi. Na samu fili da takardarsa, na sa an zana mini gida mai ɗaki biyar, har magini ya kafa turaku ya ja igiya. Banki zai ba ni sefa miliyan goma, ruwa kashi shida cikin ɗari a shekara, in biya cikin shekara goma sha biyar, gidan yana jingina a hannunsu har in gama. Na yi nawa lissafin irin na malamin tarihi: na ɗora kashi shidan sau ɗaya tak, na raba da watanni, na samu dubu hamsin da tara. Na kai masa ina taƙama, don dai ya sa albarka.

Ya duba takardar, ya ce, "Sali, wannan lissafin ka yi shi ne ko ka yi mafarkinsa?" Kafin ya ci gaba ya faɗa mini abin da yake faɗa wa kowa: "Hukuncin ruwa ka tambayi malaman fiƙihu. Ni nawa in auna maka nauyinsa." Na tambaya kuwa. Abin da aka gaya mini da abin da na yanke yana tsakanina da Ubangijina, ina kuma neman gafararsa.

Daga nan ya nuna mini abin da yake kira lambar miliyan, wato abin da kowace miliyan za ta riƙa ci a albashinka duk wata. Ka raba ruwan shekara gida goma sha biyu, ka samu na wata. Ka ƙara masa ɗaya, ka ninka shi da kansa sau adadin watannin bashin. Abin da ya fito ka ninka shi da ruwan wata, ka raba da shi ɗin bayan ka cire masa ɗaya, sannan ka ninka da miliyan. Ya danna tsohuwar kalkuletarsa mai ɗaure da roba, watanni ɗari da tamanin suka ba shi dubu takwas da ɗari huɗu da ɗoriya. Miliyan goma ke nan dubu tamanin da huɗu da 'yan kai. Na ce ba komai, bai wuce sulusin albashina ba, wanda shi ne iyakar da banki yake yarda a cire, da kyar dai na shige.

Sai ya ce, "Ba ni takardar haihuwarka."

A nan asirina ya tonu. Mu 'yan ƙauye ba a yi mana takarda ranar suna. Sai da zan rubuta jarrabawar ƙarshen firamare mahaifina ya kai ni ofis, mai rubutu ya dube ni, ga ni zanƙalele, ya rubuta cewa an haife ni wajejen shekara kaza. Ya ɗora mini shekara uku da ban ci tuwonsu ba. Na san da wannan sarai, amma duk lokacin da zan ƙidaya shekaruna, da daminar da mahaifiyata ta faɗa mini nake ƙidayawa. Malam Hamadu ya ce, "Gwamnati ba ta san mahaifiyarka ba. Shekara goma sha biyu suka rage maka a aiki, ba sha biyar ba. Ko dai banki ya ƙi bayan ka riga ka zuba harsashin ɗaki biyar, ka zauna da kango, ko ya yarda, ka yi shekara uku kana biya daga fansho. Ka kasa, su sayar da gidan da iyalinka a ciki."

Ya sake dannawa da watanni ɗari da arba'in da huɗu. Kowace miliyan ta koma dubu tara da ɗari bakwai da ɗoriya. Ya ce iyakar abin da wuyana zai ɗauka miliyan takwas da rabi ne, kuma wannan ɗaki uku zai gina, ba biyar ba.

Ba zan ɓoye ba, na ji haushinsa ƙwarai. Na riga na nuna wa matata zanen, na nuna wa surukai. Mako biyu ina kauce masa a ɗakin malamai. Ran nan ina tsaye a filin sai ga shi a kan babur da igiyar awo a aljihu. Ya tuɓe babbar riga, muka cire turakun magini, muka sake kafawa yadda za a bar fili a gabas in Allah ya hore nan gaba. Da za mu rabu ya ce, "Gida ƙarami naka ya fi babba na banki." Na ji kunya, na ce, "Yaya, ka yafe ni." Ya ce me na yi masa.

Watan da na ajiye aiki, a watan aka cire kuɗin ƙarshe, ba gaba ba baya. Na kai masa takardar sakin jingina, ya sa tabarau ya karanta ta har ƙasa, ya ce alhamdu lillahi, ya sa aka dafa mana shayi. Ina gode wa Allah da ya nuna masa wannan ranar da idonsa.

Bayan jana'iza 'yan'uwansa suka iso daga Tinyer, mota cike, gidan marigayi kuma ya riga ya cika da mata. Na ce a ba ni mazan. Mutum tara suka sauka a wurina kwana uku, wasu a ɗaki, wasu a kan tabarmi a tsakar gida. Ranar da za su koma, yayan marigayin, dattijo mai sanda, ya riƙe hannuna ya yi godiya da Fulatanci, sannan ya ce da Hausa, "Ɗana, mun takura maka. Allah ya sa mai gidan ba zai yi maka faɗa ba." Na ce, "Baba, gidan nawa ne, ba wanda yake bina ko dala. Ƙanenka ne ya..." Dattijon ya gane, bai saki hannuna ba sai da direba ya kira shi.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Hamadu, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sauƙaƙa masa hisabi. Ka ba shi gida a Aljanna, shi da iyayensa. Ka ba matarsa Hajiya Asta da 'ya'yansu haƙurin wannan rashi, ka rufa musu asiri, ka haɗa kansu a bayansa. Mu kuma da muka saura, ka sa mu cika da imani. Amin.