Zabuwa Mai Jan Zare

A gidanmu na Majidaɗi, in damina ta yi nisa, da an idar da magariba sai mu zagaye murhun Dada, kakarmu, tana gasa masara tana ba mu tatsuniya. Ni take kira mijinta, wai ragon miji wanda ko kan kifi bai taɓa kawo mata ba.

Shekarar da Bappa, ƙanen babanmu, ya sayi bindigar iska, wata biyu na yi ina huda gwangwanin madara a bayan gida kafin ya yarda in fita da ita. Sharaɗinsa ɗaya: ranar da na harbi abin wani, ni da bindiga har abada. Na nufi gonakin bakin rafi, kurciyoyi suka yi ta raina mini wayo, sai can ga zabuwa a cikin ciyawa. Harbi ɗaya na yi. Na yanka, na kai wa Dada ina hura hanci, na ce ga cefane, ta daji ce.

Da yamma, romo na tafasa, Bappa na zaune, Dada ta gyara murya. "Ga ta nan, ku ba ni kunnuwanku. An yi wani maharbi, kyakkyawa kamar mijina, sai dai garaje." Wai matarsa ta ishe shi da gorin nama, ya shiga daji ya dawo da zabuwa. Tana cikin figa sai ga jan zare a ƙafa. Ta ce, "Maigida, ashe zabin daji ma sun fara kwalliya?"

Kowa dariya, ban da ni. Sai lokacin na tuna da jan zaren da Dada ke ɗaura wa zabinta. Wallahi na ji tsoro.

Bappa ya dube ni, ya ce, "To Dada, aka ƙwace bindigar?"

"Ina! Zaren ta jefa a wuta. Wace mace ce za ta tona asirin mijinta a kan abin da ya riga ya shiga tukunya?" Ta ɗora mini cinya a kwano, ta murɗe mini kunne sosai.

Na daɗe ina zaton darasin shi ne a duba da kyau kafin a danna kunamar bindiga. Sai da na haifi nawa na gane sauran. Zabuwar nan ta fi duk sauran yi mata ƙwai, amma ta haɗiye asararta ta bar mini mutuncina. Bappa ya rasu bana, har ƙarshe yana faɗa wa mutane ban taɓa harbin kuskure ba.