Fiton da na ƙi amsawa

Shekaru sun ja yanzu. Lokacin muna samari a Kaura Namoda, ina da wani aboki da bai taɓa yi mini sallama ba. Kun san saurayi ba ya faɗawa gidan mutane, in kuma ya yi sallama mahaifina ne zai fito ya tsare shi da tambayar karatu. Sai ya samo dabara. Ya tsaya gindin dalbejiyar ƙofar gidanmu, ya sa yatsu biyu a baki, ya yi fito: dogo ɗaya, gajeru biyu. Ko loma ce a hannuna ajiyewa nake in fita.

Mahaifiyata ta tsani abin nan. "Wanga yaro sai ya tara muna aljanu cikin gida! Tashi ka same shi kafin ya ƙara." Amma in ya kwana biyu bai zo ba, ita ce mai tambaya ko lafiya.

Wata rana muka yi wasan ƙwallo da samarin Kasuwar Daji. Alƙalin wasa bai zo ba, aka miƙa wa abokina usur don yana fama da targaɗe. Ni kuwa, tsakani da Allah, benci na fi sani. Ranar dai aka rasa mutum aka sa ni, ƙwallo ta bugi gwiwata ta faɗa raga. Jama'a, har na tuɓe riga ina gudu ina ihu, sai na ji usur. Wai satar gida na yi.

"Kai ma ka san satar gida ce," in ji shi bayan an tashi.

Na ce, "Ko ita ce, ni za ka busa wa? A gaban mutane?"

Washegari ya zo ya yi fito, na yi kunnen uwar shegu. Haka kwana na biyu da na uku. Niyyata in wahalar da shi mako guda, sannan in sauko. A rana ta huɗu bayan la'asar ya daɗe yana yi, har mahaifiyata ta ajiye tankaɗe ta dube ni.

"Ba ka jin abokinka?"

"Ina ji, Inna. Bar shi ya yi ta busawa, ai ya iya."

Da safe ƙanwarsa ta gaya mini ya bi motar kawunsa zuwa Ikko. Lokacin ba waya a hannun kowa. Na je gindin dalbejiyar na tsaya kamar wanda aka aika ya manta saƙo.

Sai da furfura ta fara fito mini a gemu muka sake haɗuwa. Ya zo ganin gida, ya tsaya a ƙofata ya yi sallama sau uku, har da ce mini Malam. Muka zauna a tabarma, ya iyali, ya hidima, ya bayan rabuwa. Abin ya ishe ni.

Na ce, "Don Allah bar Malam ɗin nan, yi mini fiton nan ko sau ɗaya."

Ya yi dariya, sai na ga haƙoransa na gaba babu, haɗarin babur ya tafi da su. Duk da haka ya sa yatsu ya gwada. Iska kawai ta fito. Ya share bakinsa ya ce, "Ranar nan bankwana na zo yi maka. Sau bakwai na yi, ina hango takalmanka a zaure."

Mun daɗe da shiryawa, duk Juma'a muna waya. Kwanaki 'yata tana aikin makaranta take gaya mini a Turanci fito da usur duk whistle ake cewa. Wallahi kewar sautin nan ce ta taso mini, kuma na san ba zan ƙara jin sa ba. Da la'asar ɗin nan za ta dawo, tun a na farko zan fita, ko riga ba zan tsaya sawa ba.