Ranar da Surukina Ya Kalli Katanga

Ku matso, jikokina, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba ta gizo ba ce, a kaina ta faru.

Mu tsofaffin unguwarmu a Gashua muna da ƙungiya. Duk wata, bayan la'asar, sai mu haɗu mu ci abinci mu taka rawa, wani watan na Barebari, wani na Fulani. Da aka zo kan namu na Bade, na dafa shinkafa da miyar kifi. Rabona da rawar garinmu tun ina budurwa, ga gwiwa tana gaya mini in ban yi bana ba, shi ke nan.

Ina shiga fili sai na ga mai gangar da aka ɗauko. Mijin 'yata ne! Ni da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Na ja mayafi na koma tabarma.

Ƙawata da ke zuwa daga Nguru ta ce, "Ke tsohuwa, gadin kifi kika zo?" Na nuna mata shi da ido. Ta kwashe da dariya, ta je ta ce masa, "Ɗana, juya ka kalli katanga. Hannu ke kiɗa, ba ido ba."

Ya ba mu baya, ya saki kiɗa. Na taka har ɗankwalina ya faɗi, mata suna ta guɗa.

Ƙawata ta rasu bara, Allah ya jiƙanta. Surukina ya bar kiɗa ya koma noman barkono. Ni kuwa yanzu daga zaune nake tafa wa masu sauran ƙafa.