Tsohuwar da Ta Ƙwaci Damo

Wai a unguwar Sa'alaba, can ƙasar Makka, akwai tsohuwar da ta zama kafilin ƙadangaru, wato mai tsaya musu, har iƙama, takardar zaman ƙasa, take yankar musu. Sharri ake mata, jama'a! Damo ɗaya ne tak, kuma a gaban Lado direba aka yi.

Ga ta nan bakin titi da tiren gyaɗarta, 'yar firit, abaya ta koɗe, haƙorin Makka sai walƙiya. Kusa da ita wani ya zaro damo daga keji, mace, ciki taf da ƙwai, yana wasa wuƙa. Tsohuwa na kallo tana cizon leɓe. Lado ya rantse mijinta ma'aikacin jirgin ruwa ne, ta sha labarin wani tsibiri mai ƙadangaru kamar 'yan maruƙa, waɗanda aka yi ta soyewa har ba a bar na iri ba.

Sai ta miƙe ta kurma ihu: "Baladiyya!"

Sunan masu kwashe kayan 'yan talla ke nan, waɗanda ita kanta kullum take wa gudu. Titi ya watse, mai wuƙa har da barin takalmi. Ta sunkuci damo kamar jika, gyaɗa a warwatse, ta faɗa motar Lado tana dariya.

"Yalla, kai mu daji."

"Kaka, miya za a yi, ko suna za a raɗa?"

Ta harare shi. "Irinta ƙarewa suke yi, ɗan nan. Irinka kuwa, 'yan ci-rani, ko jirgi goma aka kwashe aka mayar gida, gobe kun sake cika unguwar Nuzla."