Gicciyen Marguerite

A Dogon Dutsi, in Kirista ya rasu, kafin a tashi daga zaman makoki an aika wa Siméon. Shi ke shafa wa gicciyen siminti farar ƙasa, ya rubuta sunan mamacin da ruwan bula. Da can magini ne, ciwon gwiwa ya sauko da shi daga tsani. Fentin nasa na talaka ne, damina ɗaya ke wanke shi, don haka kowace kaka, gab da ranar tuna matattu, yakan bi maƙabarta da bokiti yana sabunta sunaye. Ba shi da yawan magana, amma in ya kafe a kan abu, ko jaki sai ya sallama masa.

Kabarin matarsa Marguerite yake bari ƙarshe. Yakan zauna a kan bokitin, yana jan harafi yana ba ta labari: wa ya yi aure, wa ya haihu, yadda gero ya yi a gonar Kiéché. Bakinsa ba ya buɗewa sai in hannunsa na aiki. Wannan yini shi ne abin da ya rage masa na aurensa, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Wata shekara rana ta kayar da shi a can, aka kwaso shi a amalanke. Labari ya kai ga ɗiyarsa Sandrine, wadda ke aikin binciken sinadarai a ƙasar waje. Da bazara sai ga ta da wata ƙaramar kwalba.

"Papa, a labo ɗinmu munka haɗa shi," in ji ta. "Ferobiskit a ka ce mishi, ƙwayoyi na ƙanana da ido bai gani. Ruwa bai kama shi. In na shafa ma Mama, ka huta, c'est fini."

Ta shafe fuskar gicciyen, a kan rubutunsa na bara. Da ya bushe ta tuttula ruwan buta, ruwan ya dunƙule kamar tsakiya ya gangare. Ta lulluɓe kansu da gyale don inuwa, ta kunna wata tocila mai shuɗin haske, sai ga siminti yana walƙiya kore shar. Murna ta cika mata fuska. Siméon ya ce madalla. Me uba zai ce?

Damina ta yi aikinta. Da kaka ya bi sauran kaburbura ya gama, ya iso na Marguerite. Sunanta na nan raɗau, kamar jiya aka rubuta. Duk da haka ya tsoma buroshi ya shafa, farar ƙasar ta tattaru ta zube ƙasa. Ya gwada bula, ita ma ta bi sahu. Ya zauna da hannu a cinya, labarin shekara guda cike da cikinsa, ko kalma ta ƙi fita. Haushi ya kama shi, na kwalbar, na ɗiyar, sa'an nan kunya ta biyo baya.

Ya ɗauki wani dutse mai kaushi don ya kankare. Har ya ɗora shi a kan harafin farko, ya tuna yarinyar durƙushe a nan cikin rana tana yi wa uwarta abin da ta iya. Ya jefar da dutsen.

Ya ja bokitinsa ya zagaya bayan gicciyen, inda kwalbar ba ta kai ba. Siminti ya shanye farar ƙasar nan take. Ya jira ta sha iska, ya tsoma buroshi a bula, ya ja harafin farko.

"To, Marguerite," ya ce, "bari in ba ki labarin abin da ɗiyakki ta yi muna."