Irin Dawar Surukata

Shekarar da kuɗin fetur suka fara shigowa har ƙauyukanmu, kowa a Mairuwa ya ga kamar noma ya zama aikin marasa dabara. Maigidana ma ciwon ya kama shi. Ya jinginar da gidanmu wajen wani Alhaji mai sayen auduga, ya sayo injin niƙa. Na ce masa gidan da aka haife shi ba abin kaiwa jingina ba ne, ya ce ni mace ce, ban san inda duniya ta dosa ba. Injin kuwa ya yi mana ƙara na kaka guda, sannan wani ƙarfe ya karye a cikinsa, aka nema har Kaduna ba a samu ba.

Da wa'adi ya cika, Alhaji ya aiko sau biyu a zo a zauna. Malam, maigidan nawa, bai je ba. Mutum ne mai kunya irin wadda ke cutar da mai ita. Ranar wata kasuwa ya sa muka ɗaure kaya kamar masu zuwa biki, muka hau mota sai Sabuwa, wajen kawuna. Bai yi sallama da mai unguwa ba, bai yi da liman ba, ko maƙwabta bai leƙa ba. Har yau idan na tuna ranar raina ɓaci yake.

A tunaninsa, tunda ya bar gidan, bashi ya biya kansa. Ashe ba haka ba ne. Alhaji ya ƙi shiga gidan da ba a damƙa masa a gaban shaidu ba, gidan ƙasa kuma ba ya jira. Babu mai yaɓe, babu mai gyara indararo. Damina guda soro biyu suka rufta, azara ta ruɓe. Gidan da zai share bashin ya koma kango, bashin kuma ya biyo mu har Sabuwa a bakin fatake.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Malam ya rasa garinsu. Ƙanen babansa ya rasu, bai je ta'aziyya ba. Idan ya hango ɗan Mairuwa a kasuwa, sai ya sauya hanya. Kawu ya ba shi aron gona, ya ƙi taɓawa, ya koma dakon itace a tasha. Mutumin da a da dariyarsa ke isa zaure daga cikin gida ya zama sai ya wuni bai ce uffan ba.

Gab da damina ta uku muka ji sallamar mace da muryar gida. Malam ya yi wuf ya faɗa ɗaki, wai ko Alhaji ne ya turo. Ashe Iya ce, wata tsohuwa Bamagujiya daga gidajen bayan gari, ƙawar marigayiya surukata tun suna 'yan mata. Ta sauke ƙullin da ke kanta, ta sha ruwa, ta dubi ƙofar ɗakin.

"Hito, ɗan nan," in ji ta. "Ni na riƙe ka ran da anka yanke maka cibi, ba ni za ka ɓoye ma ba."

Ya fito yana sunkuyar da kai. Ta kwance ƙullin, sai ga zangarniyar dawa fara tas. Na gane ta tun kafin ta yi bayani. Irin surukata ne, farfarar da take zaɓa duk kaka ta rataye a saman murhu don hayaƙi ya kore mata ƙwari. Cikin gaggawar tafiya na tuna da tukwane, na manta da shi. Iya ta ce kafin ɗakin girki ya rufta ta shiga ta ciro shi, kuma tunda iri mutuwa yake idan ya daɗe a ajiye, ta riƙa shuka shi a gefen gonarta kowace shekara.

"Gida kunka jinginar, ba irin uwarka ba," ta ce. "Ga shi na ba ka. Ka kuwa san abin da akan yi ma wanda ya ba da iri."

Ya sani, kowa ya sani. A wajenmu wanda aka ba iri, idan ya girbe, shi da kansa yake kai wa mai bayarwa damin farko har ƙofar gida. Ba a aikawa da yaro. Ƙofar gidan Iya kuwa ba a isa gare ta sai an ratsa Mairuwa. Tsohuwar nan ta san abin da ta ƙulla, don ina kallonta tana danne murmushi.

Malam ya shuka a gonar da kawu ya ba shi aro. Ya yi noma kamar mai huce haushi, dawa ta yi kyau, kuma tana ƙosawa yana ƙara shiru. Ban matsa masa ba, wannan karon na kama bakina. Ranar da aka gama ɗaure dammuna ya zaɓi mafi girma, ya ce in fito masa da rigarsa ta Juma'a.

Na ce, "Malam, gobe fa kasuwar Mairuwa ce, kowa zai gan ka."

Ya ce, "Na sani."

Ya kwana biyu a can. Ya zauna da Alhaji a gaban mai unguwa, aka damƙa filin, aka yanka abin da ya rage zai riƙa biya da hatsi duk kaka. Gidan bai dawo ba, kuma mun sha shekaru muna biya. Amma ya yi ta'aziyyar da ya bari, ya ci tuwo a gidan 'yan uwansa. Ina yi wa Iya addu'ar da nake yi wa uwata, har gobe irin nan muke shukawa.

Da ya dawo ina tsakar gida ina tankaɗe. Tun daga zaure na ji shi yana ba kawu labari, yana dariya. Na ajiye rariyar na zauna ina saurare.